Yadda Ake Sauraron Faifan Loveless

A watan Nuwamba na 1991 ƙungiyar My Bloody Valentine, wadda aka kafa a Dublin, babban birnin Ireland, ta fitar da faifan Loveless ta hannun kamfanin Creation, bayan fiye da shekara biyu ana naɗarsa a ɗakunan naɗar sauti 19. Salonsa shi ne wanda 'yan jaridar Ingila suka laƙaba wa shoegaze, saboda makaɗan kan sunkuyar da kai suna duban na'urorin sauya sauti da ke ƙarƙashin ƙafafunsu. Ga wanda ya tashi da waƙoƙin Shata ko Ɗan Maraya, inda baiti ne ke jan ragama, sauraron farko yana da wuya, don haka akwai shirin da ya kamata a yi.

Da farko ka nemi kwafi mai kyau. Wanda ake turawa daga waya zuwa waya a kasuwar Garwa ko Marwa sau da yawa an matse shi har ya rasa kauri, kuma wannan kiɗa a kaurinsa yake. Kada ka dogara da lasifikar waya. Ka sa abin sauraro a kunnuwa biyu, ka jira bayan sallar isha'i lokacin da ƙarar babura ta lafa, domin waƙoƙin 11 suna buƙatar kusan minti 48 ba tare da katsewa ba.

Sannan ka daina farautar kalmomi. Da gangan aka nutsar da muryar mawaƙan ƙungiyar, Bilinda Butcher da Kevin Shields, cikin amon jita, har murya ta zama ɗaya daga cikin kayan kiɗan. Idan kuma ka ji sautin yana lanƙwashewa kamar kaset ya kama, wayarka lafiya lau take. Shields yana riƙe sandar da ke sassauta tsirkiyar jitarsa yayin da yake kaɗawa, sai amon ya riƙa hawa da sauka a hankali. Wanda ya saba da kukan goge, yadda yake zamewa daga wani amo zuwa wani ba tare da yankewa ba, zai fi saurin gane daɗin wannan.

A ganina bai kamata sabon mai sauraro ya fara da "Only Shallow" ba, duk da ita ce ta buɗe faifan, domin tana faɗo wa kunne da ƙarfi. Ka fara da "Sometimes", wadda aka sa a fim ɗin Lost in Translation na 2003, sai "Soon" mai kiɗan da ake iya takawa. "To Here Knows When" ita ce mafi nisa daga abin da kunnenmu ya saba, sai ka bar ta zuwa ƙarshe.

Bayan haka ka saurari ƙungiyoyin Slowdive da Ride, waɗanda su ma suke kamfanin Creation a wancan zamani, da Deftones na Amurka, za ka ji inda wannan amo ya yaɗu. My Bloody Valentine kanta ba ta sake fitar da cikakken faifai ba sai a 2013.