Kafin ka sayi gona a ƙauyen Filato

Kwanaki a Jos ƙanina ya nuna mini bidiyon mutanen Bugis, manoman shinkafa na kudancin tsibirin Sulawesi a Indonesiya. Gidajensu na katako ne a kan dogayen ginshiƙai, in mai gida zai tashi, mazan gari su taru su ɗauke gidan ɗungurungum a kafaɗa. Ya ce irin wannan zaman ya burge shi, shi ma ƙauye zai koma ya sayi gona. Na ce masa to, amma ka bi a sannu.

Fara zuwa ganin gonar a watan Agusta, lokacin da ruwa ya kankama. Ni da rani na sayi tawa, damina na sauka rabinta ya zama tafki, ashe tsohon ramin haƙar kuza ne aka cike. Har yau abin na ci mini rai. Taka iyakar da ƙafarka, kai da maƙwabtan gonar, ka ga kowane dutse da itacen da aka sa shaida. Ka duba ko mota na shiga, don dankalin turawa ba ya jiran hanya ta bushe.

Sai maganar magada. Yawancin gonakin na gado ne, kada ka ba mutum ɗaya kuɗi a ɓoye. A tara 'yan uwansa gaban mai unguwa, kowa ya sa hannu.

Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, gonar karkara kuma ƙaramar hukuma ke ba da takardarta. Kawo mai awon fili, sannan ka nemi takardar tun masu shaida suna raye.