Kurakuran da masu rubuta labarin kumbo suke yi a kan garkuwa

Duk mai rubuta ƙagaggen labarin kimiyya so yake ya ba kumbonsa garkuwar nan da ba a gani, wadda makami ke duka ya tarwatse. Ni ma ina sonta sosai, shi ya sa kurakuran nan ke damuna.

Babban cikinsu zafi ne. An harbo maka leza, wato tsinin haske mai ƙuna, garkuwa ta tare, to wutar ina ta tafi? Ai makamashi ba ya ɓacewa haka kawai, kuma a sararin samaniya babu iskar da za ta kwashe zafi, sai dai ya riƙa fita a hankali kamar yadda garwashi ke hucewa, dalilin ke nan tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, ISS, take da manyan fararen farantan radiyeto masu fitar da zafi. Gyaran mai sauƙi ne, in garkuwa ta sha duka na minti 10 bari mai karatu ya ji a jikinsa, gumi ya taru a goshin matuƙi ya ƙi ɗiga tunda babu nauyi, ƙarfen kujera ba ya taɓuwa, kyaftin na ta wasiwasin buɗe radiyeto alhali ya san su abokan gaba za su fara harbi.

Sai masu garkuwa ɗaya mai tare komai. In garkuwar ta maganaɗisu ce, ƙarfin maganaɗisu ƙananan ƙwayoyi masu cajin lantarki kaɗai yake karkatarwa, kamar yadda na duniya ke kare mu daga irin waɗannan ƙwayoyin da rana ke fesowa, amma haske da dutse wucewarsu za su yi. Kuma in ta tare kowane irin hasken leza, ai har hasken gani ta tare, na ciki da me za su ga waje? Zaɓi abin da take tarewa tun babin farko, kar ka canza a babi na 20 don jarumi ya tsira.

Wasu kuma raina ƙananan abubuwa suke. A 1983 ɗan ɓarɓashin fenti ya yi wa gilashin kumbon Challenger rami, fenti fa! Maganin da masanin taurari Fred Whipple ya kawo tun 1947 shi ne siririn faranti a waje, a bar tazara, sannan bangon jirgi, abu ya bugi na farko ya farfashe kafin ya iso. Sa irin wannan a ƙarƙashin garkuwarka, don ranar da janareto ya ɗauke.

Kar kuma a manta, dutsen da aka tare sai ya tura jirgin, dole na ciki su ji girgiza.