Yadda ake gyara ko sauya birkin tunkuɗa a tsohuwar tirelar kwana mai naɗewa

A Amurka da Kanada, tirelar kwana mai naɗewa ita ce mafi sauƙin kuɗi a cikin tirelolin da iyalai suke ja zuwa daji ko bakin tafki lokacin hutu. A kan hanya akwati ce gajera mai tayoyi biyu, amma idan an isa masauki aka murɗa hannunta sai rufin ya ɗaga, gadaje su fito gaba da baya, tanti ya rufe gefunan. Kamfanin Coleman ya fara ƙera irinta a 1967, Jayco kuma ya biyo baya a 1968 a jihar Indiyana, kuma har yau na hannu suna yawo a kasuwa da araha. Da yawa daga cikin na shekarun 1980 da 1990 suna ɗauke da birkin tunkuɗa mai aiki da mai, kuma shi ne abin da mai saye ya fi mantawa ya duba, domin hankalinsa yakan tafi ga tantin da rufin.

Wannan birki ba ya karɓar umarni daga direba ta waya ko ta feda. A bakin tirelar, inda take kama ƙwallon jan mota, akwai wani kai mai zamewa gaba da baya. Idan direba ya taka birki, mota ta rage gudu, nauyin tirelar yakan tunkuɗo ta gaba, kan ya matse, ya tura fistin na masta, wato babbar silindar man birki da take cikin kan, mai ya bi bututu zuwa silindar kowace taya, takalman birki su buɗe su kama ganga, wato ƙarfen da yake juyawa tare da taya. Abin da ya sa nake ɗaukar lamarinsa da muhimmanci shi ne yadda yake mutuwa shiru. Birkin mota idan ya lalace, ƙafarka za ta sanar da kai nan take, amma na tirela yana iya shekara biyar ba ya aiki ba tare da mai ita ya sani ba, sai ranar da ya taka birkin gaggawa a gangare ya ji kaya mai nauyin tan guda yana ingiza shi. Doka ma ba ta bar abin ga ganin dama ba: jihohi da yawa suna wajabta birki a tirelar da ta kai fam 3,000, wato kimanin kilo 1,360, Kalifoniya kuwa ta sauko da shi zuwa fam 1,500 ga tirelar kwana.

Kafin ka sa hannu, ka sauke rufin ka kulle shi, ka ajiye tirelar a wuri mai tauri wanda ba shi da gangara, ka sa waigi a tayar da ba za ka ɗaga ba. Ka sa jak a ƙarƙashin firam, ba a ƙarƙashin aksul ba, domin bututun aksul yana lanƙwashewa, sannan ka tokare da ƙafafun ƙarfe na tsayar da mota. Ƙananan ƙafafun nan huɗu da suke kusurwoyin tirelar an yi su ne don hana ta girgiza idan mutane suna ciki, ba don ɗaukar nauyinta ba, kuma kada ka shiga ƙarƙashi kana dogara da su.

Bincike yana farawa daga murfin masta. Ka goge kewayensa, ka buɗe, ka leƙa. Idan ka tarar da mai garai-garai mai launin ruwan zuma, ka yi sa'a. Abin da aka fi tararwa a tirelar da ta daɗe a ajiye shi ne kwano busasshe mai tsatsa, ko wani laka mai launin ƙasa. Dalilin shi ne man birki na DOT 3 yana shan danshin iska, tirelar kuma takan kwashe watannin hunturu a waje ba ta motsi, ruwan ya kwanta a ƙasan silinda ya ci ƙarfen, fistin ya maƙale. Daga nan ka ɗaga taya ɗaya, ka juya ta da hannu, wani kuma ya matsa kan tunkuɗar da sandar ƙarfe ko ya ja hannun birkin gaggawa, wato hannun da yake jikin kan wanda igiya take fizgowa ya kama birki idan tirela ta ɓalle daga mota. Tayar ya kamata ta tsaya cak, ta kuma saki da zarar an saki kan. Idan ba ta tsaya ba, ko ta tsaya ta ƙi saki, akwai aiki. Ƙarar bugu mai ƙarfi daga bakin tirela duk lokacin da aka tsaya ko aka tashi ita ma alama ce, ko dai iska ta shiga bututu, ko takalma sun yi nisa da ganga, ko kuma ƙaramin shokozoban da yake cikin kan ya mutu.

A nan ne mutum yake yanke shawara tsakanin gyara da sauyawa, kuma ra'ayina a fili yake. Idan tsatsa ta rarake cikin masta, sa sababbin robobi ɓata lokaci ne, domin ramukan za su yanka su cikin ɗan lokaci, mai ya sake zuba. Ka sayi sabon masta idan ana samun na irin kan tirelarka, in kuwa kan ya lanƙwashe ko fil ɗinsa sun cinye, ka sauya shi gaba ɗaya. Sunan kamfanin, ko Atwood ne ko Titan ko UFP ko Demco, da nauyin da kan yake ɗauka yawanci a buge suke a jikin ƙarfen. Sabon ya zama ya kai ko ya wuce cikakken nauyin tirelar, ya dace da girman ƙwallonka, wanda galibi inci 2 ne, kuma ya zama na birkin ganga, domin wanda aka yi don birkin faifai bawul ɗinsa daban ne. Idan tsohon da ƙusoshi aka ɗaure shi, aikin awa ɗaya ne da sababbin ƙusoshi masu ƙarfi. Idan walda aka yi masa, ka kai wa ƙwararren mai walda, kuma a cire tukunyar gas da batir da suke zaune a bakin tirelar kafin a kunna wuta.

Sai tayoyi. Ka cire taya, ka ɓalle murfin ƙura, ka zare fil, ka kwance noti, ka jawo ganga a hankali kada boris na waje ya faɗi ƙasa. Ƙurar da take ciki kada a hure ta da iska, domin tsofaffin takalman birki suna iya ƙunsar asbestos mai cutar da huhu. A wanke ta da feshin wanke birki a tara ruwan a kwano. Ka ɗaga robar silindar taya ka duba, idan akwai jiƙa a ƙarƙashinta to tana yoyo. Takalmin da ya sha mai ko giris ba ya wankuwa, na zubarwa ne.

Maimakon ka bi sifirin da takalmi da silinda ɗaya bayan ɗaya, ana sayar da farantin birkin a haɗe, komai a jikinsa, ƙusoshi huɗu kawai ke riƙe shi. Ka auna faɗin ganga: ƙananan tireloli masu aksul na kimanin fam 2,000 suna da inci 7, masu na fam 3,500 suna da inci 10. Akwai na dama akwai na hagu, ana ƙidaya su ne kana tsaye a bayan tirela kana fuskantar mota, kuma idan aka musanya su birkin zai yi rauni ƙwarai. Ko da gefe ɗaya ne ya lalace, a sauya duka biyun, in ba haka ba tirelar za ta riƙa fizga gefe guda. Ka kuma lura ko naka irin wanda yake saki da kansa ne idan ana ribas. Idan ba shi ba ne, tayoyi za su riƙa kullewa duk lokacin da kake tura tirelar baya zuwa tudu, sai ka sa fil na hana kan motsi, wanda wajibi ne a zare shi kafin a hau titi.

Tun da ganga tana hannunka, ka wanke boris, ka duba ko sun yi shuɗi ko sun rarake, ka cusa musu sabon giris, ka sa sabon sil. Wajen mayarwa, ka ɗaure noti sosai kana juya ganga don boris su zauna, ka sassauta shi gaba ɗaya, ka sake ɗaurewa da yatsu kawai, sannan ka sa sabon fil. Bututun ƙarfe mai inci 3/16 da yake bin firam, idan tsatsa ta kumbura shi a sauya, haka ma tiyon roba da ya tsattsage. Notin bakinsa da sifanar bututu ake kwance shi bayan ya kwana da man sassauta tsatsa, domin sifana ta yau da kullum tana murje kusurwoyinsa.

Ana saita takalma kafin a fitar da iska. A bayan faranti akwai ɗan rami mai toshiyar roba, a ciki akwai ƙaramin gare mai haƙora. Ka riƙa murɗa shi kana juya tayar zuwa gaba har ta yi wuyar juyawa, sannan ka sassauta har ta juya da ɗan gogayya kaɗan. Bayan haka ka cika masta da sabon DOT 3 daga kwalbar da ba a taɓa buɗewa ba, kada ka haɗa shi da man birki na DOT 5, kuma kada ya ɗiga a fenti. Ka fara da tayar da bututunta ya fi tsawo. Ka sa siririn tiyo mai gani-har-hanji a kan nonon fitar da iska, ɗaya bakin a cikin kwalba mai ɗan mai. Abokin aikinka ya tura fistin ya riƙe, ka buɗe nonon, mai da kumfa su fito, ka rufe, sannan ya saki. Haka za ku yi ta yi har kumfa ta ƙare, kuna ƙara mai akai-akai, domin idan kwanon ya bushe sau ɗaya an koma farko. Idan aikin ya yi kyau, kan zai yi tauri tun kafin ya kai ƙarshen zamewarsa.

Wasu a wannan gaɓa sukan gwammace su koma birkin lantarki, kuma suna da hujja idan kan da bututu da faranti duk sun mutu tare. Yana ba direba damar kama tirela ita kaɗai daga cikin mota idan ta fara lilo, kuma ba ya kamawa da kansa a doguwar gangara irin ta tsaunukan Roki na Amurka da Kanada, inda birkin tunkuɗa yake ɗaukar zafi. Sai dai yana buƙatar na'urar sarrafa birki a motar, da soket mai baki 7, da gangunan da suka dace da maganaɗisun da yake cikin irin wannan birki, da makunnin gaggawa mai batir, da kai marar zamewa. Wanda yake jan tirelarsa da motoci daban-daban ya fi dacewa ya zauna a kan na tunkuɗa.

Gwajin farko a filin da babu kowa ake yinsa. Ka tabbatar tirelar ta daidaita ba ta sunkuya gaba ko baya ba, ka maƙala igiyar birkin gaggawa a jikin motar kanta ba a sarƙa ba, ka duba cewa hannunta ya koma mazauninsa. Ka tuƙa a hankali, ka taka birki sau da yawa, sannan ka sauka ka kusanta hannu da kowace ganga: su yi ɗumi daidai da juna, kada ɗaya ta yi sanyi ko ta yi zafin da ba a iya kusanta. Notocin taya a sake ɗaure su bayan mil 10 da 25 da 50, takalma kuma a sake saita su bayan mil 200 na farko, lokacin da suka gama zama a cikin ganga.