Yadda Za Ka Gane Farfaganda a Cikin Hoton Siyasa

Duk wanda ya ratsa titunan Gusau ko tashar motar Ƙauran Namoda a lokacin yaƙin neman zaɓe ya ga yadda fastoci ke lulluɓe katangu da turakun lantarki. Masu fasaha ne suka tsara su, kuma sun tsara su ne domin su riga hankali isa zuciya.

Da farko ka rufe rubutun da tafin hannunka, ka dubi hoton shi kaɗai. Idan daga ƙasa aka ɗauko ɗan takara, zai fito da kwarjinin da ba lallai yana da shi ba, idan kuma an jera fuskarsa da ta wani dattijo da jama'a ke ganin girmansa, to ana so ne ka ara masa mutuncin da bai riga ya nema da aikinsa ba.

Daga nan ka koma kan alama. 'Yan siyasarmu sun daɗe da sanin cewa zane ya fi jawabi saurin isa ƙauye, shi ya sa a zaɓen 1979 jam'iyyar NPN ta riƙe gida da masara, PRP ta riƙe mabuɗi, a 1993 kuma SDP ta hau doki. Masara na yi wa talaka alkawarin ƙoshi ba tare da an furta ba, kamar yadda tsintsiya ke alkawarin shara, lema ke alkawarin inuwa. Ka fassara alkawarin da bakinka, sannan ka auna shi da abin da ka gani a mazaɓarka.

Abin da aka cire daga hoto ya fi damuna. A Tarayyar Sobiyet, bayan an kashe Nikolai Yezhov, tsohon shugaban 'yan sandan asirin ƙasar, a 1940, an goge shi daga hoton da ya ɗauka tare da Stalin, jagoran ƙasar na lokacin, aikin da yau yaro zai yi da wayarsa cikin mintuna. Saboda haka idan aka turo maka hoton taron gangami, ko na harin da aka ce an kai wani ƙauyenmu, kada ka yi gaggawar yaɗawa, domin akan ɗauko tsofaffin hotuna daga wasu ƙasashe a jingina su ga jiharmu ta Zamfara da ke cikin jimami. Ka duba lambar mota da suturar mutane, ka lura ko ciyawar ta damina ce alhali ana tsakiyar rani, sannan ka saka hoton a Google Lens, manhajar binciken hoto, domin ka ga inda ya taɓa fitowa a baya.

A kan fosta kuwa, ka sunkuya ka karanta ƙananan haruffan da ke can ƙasa, inda akan rubuta sunan wanda ya ɗauki nauyin bugawa.