Ritaya a ƙasar waje: abin da ɗan fansho a Gombe zai shirya kafin ya ɗaure kaya

Da zarar ma'aikaci ya doshi shekara 35 a bakin aiki, ko 60 a duniya, shawarar tashi takan zo masa ta ɗaya daga ƙofofi biyu. Ko dai tsohon burin nan na ƙarasa kwana a Madina ya motsa, ko kuma ɗa ko 'ya da ke aiki a Ingila ko Kanada ta bugo waya: "Baba, ka sha wahala, ka taho wurinmu ka huta." Duka biyun niyya ce mai kyau. Inda ake samun tangarɗa shi ne fansho da naira ake biya, haya da magani kuwa da riyal ko fam ko dala, sannan babu ɗaya cikin ƙasashen nan da ke ba dattijo izinin zama don kawai ya ajiye aiki. Shi ya sa shirin yake buƙatar aƙalla shekara guda, biyu ma ya fi.

Fara da takardar zama

Kafin a yi zancen jirgi ko kaya, a san da wace takarda za a zauna. A Saudiyya bizar Umra ta ziyara ce, iyakarta kwana 90, kuma kowace shekara akwai ranar da hukuma ke sanarwa duk mai ita ya fice kafin aikin Hajji. Wanda ya maƙale bayan wa'adi ya koma zaman takari: babu igama, wato takardar izinin zama, ba ya iya kama haya da sunansa, ba ya buɗe asusun banki, asibiti ma da ɗari-ɗari yake zuwa, ranar da askarawa suka tare shi kuwa sai tara da tsarewa da korowa gida, tare da hana shi komawa na wasu shekaru. Mai hawan jini ɗan shekara 65 bai dace da wannan rayuwa ba, komai son da yake yi wa Harami. Halastacciyar hanyar da ba ta buƙatar kafili ita ce igamar musamman da Saudiyya ta fito da ita a 2019: riyal 800,000 biya ɗaya don zaman dindindin, ko riyal 100,000 duk shekara. A Janairun 2024 aka ƙara wasu rukunai, ciki har da na mai gida da ya kai riyal miliyan 4. Wannan ba lissafin ɗan fansho ba ne, sai dai attajiri. Ga yawancin mutane abin da zai yiwu shi ne a riƙa zuwa ana yin wata biyu ko uku ana dawowa, da bizar Umra ko ta ziyarar dangi in akwai ɗa mai igama a can.

Ingila ta rufe bizar masu ritaya tun 2008. Bizar ɗauko iyaye tana nan, amma sai an nuna cewa dattijon ba ya iya ɗawainiyar kansa, kuma babu mai kula da shi a Najeriya ko da an biya kuɗi, abin da da wuya a tabbatar ga mai 'ya'ya da jikoki a Pantami. Bizar ziyara wata shida ce a kowane zuwa, kuma in jami'i ya lura mutum yana fita sati biyu ya sake dawowa, zai ɗauka zama yake yi da sunan ziyara, ya mai da shi daga filin jirgi. Kanada ta fi sauƙi ta wannan fuska: akwai bizar iyaye da kakanni mai ba da zaman har shekara biyar a shiga ɗaya, da sharaɗin ɗan ya nuna samunsa ya kai mizani, kuma a sayi inshorar lafiya ta aƙalla dalar Kanada 100,000 ta shekara guda.

Mai mata fiye da ɗaya ya sani tun yanzu cewa dokar shige da fice ta Ingila da Amurka mace ɗaya take ɗauka a matsayin matar aure. Wannan magana a zauna a yi ta a cikin gida tun kafin a cike fom, da waɗanda abin ya shafa.

Lissafin kuɗi

A ɗauki mai fanshon naira 150,000 a wata. A farkon 2023, lokacin da dala take wajen naira 460 a farashin gwamnati, kuɗin nan ya haura dala 320. Bayan an saki naira a Yunin shekarar, zuwa 2024 dala ta wuce 1,500, sai fanshon ya koma dala 100, wato riyal 375, tunda riyal a ɗaure yake da dala a kan 3.75. Ba a rage masa ko kwabo ba, amma kashi biyu cikin uku na ƙarfin kuɗinsa a waje ya tafi. Saboda haka duk lissafin da za ka yi, yi shi sau biyu: da farashin yau, da kuma farashin da naira ta sake faɗuwa da rabi. In na biyun bai ɗauki haya da abinci da magani ba, to zaman ya dogara ne a kan aljihun ɗanka, kuma gara ku faɗi haka a fili, ku yanka nawa ne a wata, matarsa ko mijinta ma su ji.

Wanda ke sabon tsarin fansho na adashe, mai asusun ajiyar fansho da ake kira RSA, ya sanar da kamfanin fanshonsa wata shida kafin ranar ajiye aiki. In ya yi rajista kafin Yulin 2019 sai ya je an sake ɗaukar bayanansa, a daidaita su da NIN. Nan ne shekarun haihuwa ke tona asiri: takardar rantsuwa ta ce 1965, NIN ta ce 1967, fasfo ya ce wani abu dabam. Gyaran yana cin watanni, kuma da ƙafarka a Gombe ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Baya ga dunƙulen kuɗin da ake bayarwa da farko, za a tambaye ka zaɓi biyu. Na farko kamfanin fansho ya riƙa yanko maka duk wata daga asusunka, in ka rasu abin da ya rage ya shiga gado. Na biyu a miƙa kuɗin ga kamfanin inshora ya biya ka har ƙarshen rai, da lamunin shekara goma ga magada in mutuwa ta zo da wuri. Ana iya tashi daga na farko zuwa na biyu, amma ba a dawowa, don haka kada a sa hannu cikin gaggawar tafiya.

Tsofaffin ma'aikatan tarayya da ke ƙarƙashin PTAD, hukumar da ke biyan masu tsohon tsarin fansho, suna da tantancewar nan ta "ina raye", wadda ake yi ta intanet da hoton fuska ko zanen yatsa. A koyi yin ta tun ana gida, domin wanda ya tsallake ta ana dakatar da biyansa. Ma'aikacin jiha ko ƙaramar hukuma kuwa ya je ofishin fansho ya tambaya ƙarara: in an kira tantancewa ina ƙasar waje, me zan yi? Ya nemi amsar a rubuce. Akwai kuma abin da ya keɓanci mutanenmu: an yanke Gombe daga Bauchi ne a Oktoban 1996, saboda haka duk wanda ya kama aiki kafin nan, takardar ɗaukarsa ta tsohuwar Jihar Bauchi ce. A tabbata tana cikin fayil tare da ta tabbatar da aiki, da na ƙarin girma, da takardar albashi ta ƙarshe. A ɗauki hoton kowacce a waya, a bar kwafi wurin amintacce. Garatutin da bai fito ba kada a gina tafiya a kansa.

Banki da layin waya

Ƙaramin abu ne amma ya hana mutane da yawa taɓa kuɗinsu. Lambar sirrin da banki ke turowa tana zuwa ne ta layin da aka yi rajistar BVN da shi. Layin da ya yi wata shida ba a yi amfani da shi ba kamfani na iya rufe shi, daga baya ya sayar wa wani. Ka tafi da layinka, ka sa a buɗe masa aiki a ƙasashen waje, ka riƙa sa masa kati kana tura saƙo ko sau ɗaya a wata. Ka sabunta katin cirar kuɗi dab da tafiya, ka ɗora manhajar bankin a waya ka gwada ta, ka buɗe asusun dala. Asusun da ya shekara ba motsi banki yana kwantar da shi. In za ka fita da tsabar kuɗi da ta haura dala 10,000 dole ka bayyana wa kwastan.

Gida da gona

Shawararmu a nan ba ta da kwana-kwana: kada a sayar da gidan zama a shekarar farko, ko ta biyu. Wanda ya sayar da gidansa a Tudun Wada ya canza kuɗin, in zaman bai karɓe shi ba zai dawo ya tarar kuɗin bai isa fili a Tumfure ba. A sa haya a wani sashe, a bar ɗaki ɗaya a kulle da gado da katifa. A kai takardun fili GOGIS, hukumar bayanan filaye ta Jihar Gombe, a tabbatar da su, domin filin da mai shi ba ya gari shi ne ake wayar gari an zuba masa bulo. A je wurin lauya a rubuta takardar wakilci da ta fayyace iyakar wakili: ya karɓi haya, ya yi gyara har zuwa kaza, ya ba da aron gona shekara-shekara, amma ba shi da ikon sayarwa ko jingina. Kunya kan sa a bar wa ƙane komai da baki, daga nan kuma zumunci ke lalacewa. A rubuta bashin da ake bi da wanda ake binka, da wasiyya wadda ba ta wuce sulusi ba, a gaban shaidu biyu.

Lafiya da kayan jaka

Inshorar NHIA, hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, ba ta aiki a waje. A Ingila baƙo mai bizar ziyara da aka kwantar a asibitin gwamnati ana cajinsa kashi 150 cikin ɗari na kuɗin aikin, kuma bashin da ba a biya ba yana hana biza ta gaba. Kafin tafiya a je Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe ko wani da aka saba, a yi gwajin suga da hawan jini da ƙoda da ido, maza su duba mafitsara, a gyara haƙori, don gyaransa a Turai tsada ne ƙwarai. A karɓi rahoton likita da Turanci mai ɗauke da ainihin sunan sinadarin kowane magani, saboda sunan da ke jikin kwali a nan ba lallai a san shi a can ba. A ɗauki na wata uku cikin kwalayensa. Tramadol da kodin ba a shiga da su ƙasashen Larabawa haka kawai, ko da likita ne ya rubuta, sai da takarda. In za a sayi inshora a faɗi duk ciwon da ake da shi. Wanda aka ɓoye shi ne za su ƙi biya ranar da ya tashi. Katin rigakafin shawara sau ɗaya ake yi a rayuwa, Saudiyya kuma tana neman na sanƙarau. Fasfo a yi mai shafi 64 na shekara goma.

Hajiya za ta so cika jaka da kayan miya, kuma tana da gaskiya: kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yaji suna tsare mutum daga kewar gida. A niƙe su, a ɗaure a leda mai kyau, a rubuta suna, a bayyana su in an tambaya. Kilishi da dambun nama ba sa shiga Ingila ko Amurka, man shanu ma ba ya shiga Ingila, ƙwacewa ake yi. Goro haramtacce ne a Saudiyya. Saƙon wani kuwa, ko na ɗan unguwa ne, kada a karɓa sai an buɗe an gani da ido.

Zaman kansa

A yi gwaji tukuna, wata biyu ko uku, kuma a lokacin da ƙasar ta fi wuya: Madina a tsakiyar zafi, sa'adda ake haura digiri 45, Ingila a Disamba, sa'adda duhu ke rufewa kafin ƙarfe huɗu na yamma. Abin da ke karya dattijo a can ba sanyi kaɗai ba ne. Mutumin da ya saba bayan La'asar a shimfiɗa masa tabarma a ƙofar gida, masu gaisuwa na durƙusawa, a kawo masa ɗaurin aure da sulhu, sai ga shi ƙarfe bakwai na safe kowa ya fita aiki, ya rage shi kaɗai a bene na uku yana kallon titi ta taga, jikoki in sun dawo suna amsa masa Hausa da Turanci. Mata sukan fi saurin sabawa domin hidimar jikoki na cika musu rana, amma su ma a yanka musu iyaka, kada hutu ya koma raino daga asuba zuwa dare.

Maganin abin tun daga zaɓen gida yake farawa: a nemi wanda za a iya takawa da ƙafa zuwa masallaci, don salloli biyar a jam'i su ne ke sama wa baƙo abokai. A satin farko ɗa ya ɗauki hutu ya koya wa Baba hawa bas shi kaɗai, da biya da kati, da kiran lambar gaggawa, ya rubuta masa adireshin gida a takarda ya sa a aljihu. A nemi ƙungiyar 'yan Arewa ta garin. Mai nufin Saudiyya ya fara koyon Larabcin kasuwa, wanda ya sha bamban da na littafi. A kuma tsai da ranar dawowa gida kowace shekara, a ware kuɗin tikitinta a asusun da ba a taɓawa.

Saura magana ɗaya da ake nauyin faɗa: in ajali ya riski mutum a can, ina za a binne shi? A Saudiyya a can ake rufewa, ba wata wahala. A Turai da Kanada kabari sayensa ake yi, ɗauko gawa zuwa gida kuma yana cin kwanaki da kuɗi masu yawa. Masallatai da dama suna da asusun jana'iza da ake zubi kaɗan-kaɗan. A tambaya a shiga tun watan farko, a kuma shaida wa iyalin da ke Gombe abin da aka zaɓa, a rubuta shi cikin wasiyya.