Kurakuran da ke ninka kuɗin gyaran esi da hita

Wanda aka fi yi shi ne esi ya daina sanyi sai a kira mai gyara a ce "zo ka ƙara mana gas". Esi fa ba ya shan gas yadda mota ke shan mai, zagayawa kawai yake a cikin bututu a rufe, in ya ragu to akwai inda yake yoyo. A zuba sabo ba a toshe wurin ba, bayan 'yan watanni ka sake biya, kwampreso kuma, wato injin da ke tura gas ɗin ya zagaya, yana ta wahala har ya ƙone. Ka ce mai gyaran ya nuna maka wurin da idonka, galibi a mahaɗin bututun jan ƙarfe ne, za ka ga maiƙo a wurin, in an shafa ruwan sabulu sai kumfa ta taso.

Sai kuma saurin yarda in an ce kwampreso ya mutu. Shi ne mafi tsada a jikin esi, in injin ya tsufa ma wani lokacin gara ka sayi sabo gaba ɗaya. Amma sau da yawa kafasita ce ta lalace, wato abar da ke taimaka wa injin ya tashi, 'yar aba ce mai araha, alamarta injin waje yana gurnani fanka ba ta juyawa, in an buɗe a ga kanta ya kumbura. Duk wanda ya yanke hukunci bai ɗora mita ya gwada ba, gaskiya ni ban yarda da shi ba. Kuma ka duba takardar garanti kafin ka bari a kwance komai, kamfanoni da dama garantin kwampreso ya fi na sauran kayan tsawo.

Gas ma iri-iri ne, akwai R22 da R410A da R32, a jikin injin waje an rubuta wanda naka ke amfani da shi, ba a gauraya su. R22 ɗin ana janye shi ne sannu a hankali a ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla don kare muhalli.

Filta kuwa wanke ta da kanka, in ta toshe har ƙanƙara esi ke yi mutum ya zaci babbar matsala ce.

Hita mai gas ita ba wasa, harshen wutar shuɗi ya kamata ya zama, in ya koma rawaya ka kashe ka buɗe taga ka nemi ƙwararre, don wataƙila tana fitar da iskar kabon monoksayid, iska ce mai guba wadda ba ta da wari kuma tana kisa.

Wajen zaɓen mai gyara kar ka bi araha kawai. Ji daga mutum biyu ko uku, kowa ya rubuta maka kuɗin kaya daban kuɗin aiki daban, ka tambaya ko kuɗin dubawa zai shiga cikin na gyara. Kar ka biya duka kafin a gama, a ba ka rasit, tsohon kayan da aka cire kuma a bar maka shi.