Filtar injin kwale-kwale ta ƙi daina yoyo: inda ake yin kuskure

Duk wanda ya daɗe a bakin gaɓa, a Yawuri ne ko Baga ko Yeji ta ƙasar Gana, ya saba jin wannan ƙorafi: "Satin jiya aka canza filta, ga shi yau ma tana ɗiga." Sai a hau zagin mai shagon kayan gyara, a ce jabu ya sayar. Wani lokaci da gaskiyarsu. Amma in filta uku suka yi yoyo a wuri ɗaya a jikin inji ɗaya, an bar jaki ne ana dukan taiki. A dubi hannun da ke ɗaurawa.

A injuna irin Yamaha Enduro mai doki 15, 25 ko 40, waɗanda masunta da masu fito suka fi amfani da su, filtar mai ba ta da wani sarƙaƙiya. Akwai kai wanda tiyo biyu suke haɗuwa da shi, akwai kofi da ake murɗawa daga ƙasa, akwai rariya a ciki, sai wani siririn zoben roba da ke zaune tsakanin kofin da kan. Wannan zoben shi ne ke tare fetur. Zaren kofin aikinsa kawai ya riƙe.

Rashin sanin haka ne ke jawo kuskuren da ya fi kowanne yawa. Mutum ya ga ɗiga, sai ya ɗauko filaya ya ƙara murɗawa. Zoben ya lotse ko ya kauce daga mazauninsa, bakin kofin ya yi 'yar tsaga wadda ido ba ya gani sai an ɗaga shi an haska da rana. Ɗigar da a da sai an jima ake ganinta, yanzu ta zama tsiyaya. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Da hannu ake ɗaure kofin: a murɗa har ya zauna, a ɗan ƙara kaɗan, a tsaya. In tun farkon murɗawa ka ji yana cijewa, zare ya hau a karkace, ka warware ka sake. Kofin da ya riga ya tsage kuwa ba shi da magani sai sabo.

Sai shi kansa zoben. Mutane suna wanke rariya su mayar da tsohon zobe, alhali ya daɗe a matse har ya baje kamar faifai, ya daina dawowa yadda yake. Wasu kuma su sa sabo ba tare da sun leƙa cikin kan filtar ba, ashe tsohon na nan maƙale, zobe biyu suka hau juna. Akwai masu zuwa wurin masu kayan famfo su zaɓi wanda ya yi kama a ido. Robar da aka yi don ruwa kumbura take yi a cikin fetur, ta yi laushi, bayan kwana kaɗan ta saki. A nemi wanda aka yi don mai, mai kauri da faɗi daidai da na asali. A goge mazauninsa tas, domin ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta buɗe wa fetur hanya, sannan a shafa masa ɗigon baƙin mai don kada ya nannaɗe lokacin murɗawa.

Gam da farin tef na masu famfo, a bar su a gida. Fetur yana narkar da gam ɗin silikon, tef kuma yana yagewa, gutsattsarinsu su bi mai su je su toshe kafireta. Sabulun da wasu ke shafawa a tsakiyar ruwa dabara ce ta a kai gaɓa, amma na sha ganin inji ya yi wata guda da ita.

Abin da na fi so mai jirgi ya gane shi ne wannan: yoyon da kake gani ya fi wanda ba ka gani sauƙi. Filta tana zaune ne kafin famfon mai na injin, wato in inji na aiki, tsotso ake yi a wurin. Kafar da ke ɗigar da fetur lokacin da kake matsa famfon hannu, wato ƙwallon robar da ke jikin tiyon tanki, ita ce ke zuƙo iska da zarar inji ya tashi. Shi ya sa wani zai ce maka, "Ai in muna tafiya ba ta ɗiga." Gaskiya ne ba ta ɗiga, iska take sha. Alamominta a fili suke: kumfa na ta bi ta cikin kofin ba tsayawa, famfon hannu ya ƙi yin tauri, inji ya tafi lafiya a hankali amma da ka ba shi wuta sai ya fara shaƙewa, in yaron jirgi ya matsa famfo ya farfaɗo. To injin da ake haɗa masa fetur da baƙin mai a tanki ɗaya, misali lita 20 da mililita 400 a lissafin 50 da 1, ba shi da wata hanyar samun maiƙo sai ta cikin fetur ɗin. In fetur ya ragu, maiƙo ya ragu, zafi ya ƙaru. A haka fistin ke kamawa, zoben da bai kai kuɗin kifi ɗaya ba ya jawo sauke inji.

Sau da yawa ma filtar ba ta da laifi, a kanta dai man yake taruwa. Bakin tiyo yana bushewa ya yi tauri, ya tsattsage daidai inda aka ɗaure shi, musamman in da waya aka ɗaure maimakon kilif. A yanke wurin da ya mutu a sa kilif, in tiyon duk ya ƙandare a canza shi da na mai, mai faɗin da ya dace da bakin filtar. A duba alamar kibiya, kada a juya shiga da fita. A taɓa ƙarfen da ke riƙe da filtar: in yana rawa, girgizar inji za ta ci gaba da tsaga duk sabuwar da aka sa.

Tanki ma yana da nasa. In aka bar shi a rana da 'yar kafar iskar murfinsa a rufe, ga tiyo a haɗe, tururin fetur zai cika shi ya tura mai har filta, ya nemi wurin da ya fi rauni. In an gama aiki a cire tiyon daga inji, a sa tanki a inuwa. In za a tashi kuma a buɗe kafar, in ba haka ba famfon hannu zai shanye ya manne.

Ingancin man da ake sha yana da tasiri. A farkon shekarar 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol Najeriya, kuma irin wannan sinadari yana cin roba. Mai sayen man jarka ya tace shi da mazurari da ƙyalle mai tsabta. Ruwa ya fi fetur nauyi, a gindin kofin yake kwanciya. Wasu filtocin suna da jan zobe a ciki wanda ke tasowa in ruwa ya taru.

Kafin ka sayi komai, ka gano inda man ke fitowa. Kashe inji, cire murfinsa, a nisantar da taba da risho, don tururin fetur ƙasa yake bi ya kwanta a cikin jirgi. Goge filtar da tiyo su bushe ƙarau. Matsa famfon hannu har ya yi tauri, ka riƙe shi a haka, wani ya bi mahaɗa ɗaya bayan ɗaya da farar takarda, ya fara daga sama. Inda takardar ta fara jiƙewa, nan ne. In ta jiƙe tun daga wajen famfon mai ko kafireta, to mayar da sabuwar filtar aljihu.